Rabon Bulubari

'Yata ta fari tana da shekara tara lokacin da malamar asibitin garinmu ta ɗora ta a kan sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta girgiza sikelin, ta sake ɗora ta. Ta ce min idan yarinyar nan ba ta rage jiki ba, ciwon suga zai iya kama ta tun da ƙuruciya. Ni ma na san da matsala. Makarantar da nake koyarwa, inda ita ma take karatu, ba ta da nisa da gida, amma sau biyu take zama a hanya tana haki, har ta fara cewa ita ta haƙura da karatun. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Inna, mahaifiyata, ita ce tushen abin. A wurinta jikin yaro shi ne shaidar cewa akwai hatsi a rumbu. Kafin yarinyar ta wanke ido an ajiye mata koko da ƙosai, kafin kokon ya sauka fura ta iso. Tuwo kuwa malmala uku, wai ta ukun ta albarka ce.

Sai ƙanwata da ke aure a birni ta kira ni, ta ce ta gani a waya akwai wani ɗan itacen Turawa, bulubari, yana taimakon yara masu ƙiba. Na ce ta yaya? Ta ce ita dai haka ta gani. Bayan kwana biyu direba ya kawo wata 'yar roba, a ciki ƙwayoyi shuɗaye kamar kashin awaki da aka kai marina.

Ina aji aka kawo saƙon, 'yata kuma ranar ta ƙi zuwa makaranta. Kafin in dawo Inna ta gama aikinta. A garinmu ba a cin tsarabar birni a bayan ƙofa, sai an raba wa maƙwabta. Ta zuba ƙwaya ɗaya-ɗaya a faranti, ta rufe da faifai, ta aiki jikar tata, mai maganin da kanta, ta kai gida-gida. Ɗan aike kuwa ba ya dawowa hannu biyu. Nan a ba ta ƙuli-ƙuli tukuici, can dakuwa, gaba alewa da dafaffen rogo. Na same ta a zaure ta baje kayan a cinya tana ci, robar kuwa wayam.

Washegari gari ya ɗauka. Liman ya aiko a tambaye ni ko abin ba ya bugarwa, don launinsa bai kwanta masa ba. Wata tsohuwa ta raba tata uku, safe da rana da yamma. Telan unguwarmu, mutumin da iska mai ƙarfi ke hana shi fita, ya zo yana riƙe da ƙugun wando.

"Malam, ai sai a faɗa wa mutum! Ƙwaya ɗaya na haɗiye, ga shi wando ba ya zama."

Na ce masa wandon nan tun bara ba ya zama. Ya tafi yana cewa bai yafe ba.

Inna kuwa ta ɗanɗana tata, ta tofar, ta ce, "Wannan ai ɗinya ce da ba ta ƙoshi ba." Daga ranar kullum da la'asar sai ta ja jikarta zuwa gindin ɗinyar da ke ƙarshen gonarmu, wajen fadama, su tsinto cikin ƙwarya. Na ji daɗi. Malamar asibiti ma ta ce ɗan itace na da amfani, amma tafiyar da rage abinci su ne maganin.

Uwar 'ya'yana ce ta tona asirin, wato matata, da ta gaji da wanke tukunya mai danƙo. Ashe Inna dafa ɗinyar take yi ta zama maɗi, ta ƙara suga, ta dama wa yarinyar fura da shi, wai kada magani ya same ta da ciki fayau. Raina ya ɓaci. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga wa mahaifiyata murya, abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Inna, kashe min ita za ki yi?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta kamo hannun yarinyar, ta zagaye wuyan hannun da babban yatsa da manuni, yatsun ba su haɗu ba. Ta ce, "Kana da wa, ba ka san shi ba. Shekarar da gero bai yi ba ya tafi. Hannunsa bai fi yatsana ba. Da na ɗauke shi zan miƙa wa mahaifinka, sai da na buɗe zanen na duba ko yana ciki. Kai sikeli ya ba ka tsoro, ni wannan ne."

Na zauna a kan turmi.

Washegari malmala biyu ta zuba. Ta ukun tana cikin kwano a rufe kusa da ƙafarta, ko da za a nema. Aka daina maɗi. Ɗinya ta ƙare a bishiya, amma ba su fasa zuwa gindinta ba. Sannu a hankali zama biyu a hanyar makaranta ya koma ɗaya, wata rana kuma ta riga ni isa.

Kowace safiya Inna sai ta kama hannun nan ta gwada. Ranar da yatsunta suka haɗu ina tsaye, har na buɗe baki zan yi hamdala. Ta saki hannun a hankali, ta gyara wa yarinyar hijabi, ta ce maza ta tafi kada ta makara. Sannan ta shiga ɗaki ta saki labule, ranar ba ta ci tuwo ba.