Fasen a Jikin Ganga

Mahaifina ma'aikacin jima ne a wani kamfanin fata a Challawa. Aikinsa shi ne auna gishiri da farar ƙasa da sinadaran da ake zubawa a gangar da ke juya fatu. Komai da nauyin fatar ake kwatanta shi, don haka kafin a kunna inji sai ya ɗauki alli ya rubuta lamba a jikin gangar, ya bi ta da alamar nan mai ƙwallo biyu da sanda a tsakiya, %. Su fasen suke ce mata. Har ya bar aiki bai taɓa tambayar inda ta fito ba, ni ma da na zama malamar lissafi ban taɓa kawo masa zancen ba.

Da tsufa ya kama shi, mantuwa ta shige shi. Sunayenmu suka fara tafiya, sannan fuskokinmu. Duk Asabar nakan hau adaidaita daga Hotoro in je gaishe shi, ina fatan yau zai gane ni. Amma hannunsa bai manta aiki ba. Yana zaune a kan tabarma, sai ka ga yatsansa yana zana alamar a ƙasa.

Wata rana ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Malama, wai wannan abin wa ya ƙirƙiro shi?"

Ban san ni yake nufi ba ko kowace baƙuwa, amma na gyara zama. Na ce, "Baba, asalinsa Latin ne, yaren mutanen Rum na da. Per centum, wato cikin kowane ɗari. Fatake ne suka gaji da rubuta shi duka, suka yi ta gutsure shi har ya koma haka."

Ya yi dariya har da tari. "Ashe malalata ne. Shi ya sa muka yi shiri da shi."

Na ji daɗin dariyar nan, don na kwana biyu ban ji ta ba. Sai ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, "Ina da 'ya, ita ma lissafi take koyarwa. Kai gare ta sosai. Maimaita min a hankali, in ta zo in ba ta labari."

Na maimaita masa a hankali, yana bina da baki.