Ɗakin Baƙi a Cikin Tafki

Tsakanin garinmu da Kebbe akwai wani tafki, a bakinsa kuma akwai wurin shan iska da ya ratsa hannun mutum uku. Biyu daga cikinsu da shawarata suka yi gini, Allah ya yafe mini. Karatuna bai yi nisa ba, amma bakina ba ya jira a tambaye shi.

Na farko wani tsohon masunci ne. Rumfar zana ce kawai da tabarmi, yana gasa kifi, matarsa tana aiko da fura. 'Yan kabu-kabu da ma'aikatan ƙaramar hukuma kan tsaya su miƙe ƙafa. Tafkin namu ba ya zama wuri ɗaya: da damina ya cika har gindin giginya, da rani ya ja baya. Shi kuwa tsoho sai ya tuge dirkokinsa ya aza wa jaki, ya bi ruwan.

Da ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani tsohon hedimasta. Kaka ce, ruwa maƙil. Na ce, "Malam, mutum irinka da rumfar zana? A zuba siminti!" Ya gina baranda a gindin giginya. Kafin bazara ruwa ya yi tafiyarsa, masu noman rani suka dasa albasa a gurbinsa. Baƙi su taso daga Tambuwal kallon ruwa, su zauna suna kallon albasa, Malam yana nuni da sanda: "Ga shi can, bayan shanun can." Da ya gaji da nuni, ya sa wurin a kasuwa.

Na uku taubashina ne, ɗan gwaggona. Bijimansa na huɗa ya sayar ya saya, ke nan in wurin ya ƙi, ba shi da abin shiga gona. Na ce masa kuskuren Malam nisa ne, ya matsa kusa. Ya gina ɗakin baƙi da rani, dab da ruwa, da dokin ƙofa mai tsawo don macizai.

Damina ta sauka, ruwa ya kai taga. Muka tsaya daga tudu muna hangen kwanon rufi.

"Bawana," in ji shi, "ga ɗakinka can. Tai ka kwana, kai ab baƙon farko."

"Ni ba kusa nic ce ba? Kai kash shige ciki."

Ya yi dariya, amma idonsa ya yi ja. Shekarar nan da fartanya ya yi noma.

Da ruwa ya janye muka je duba ɓarna. Dokin ƙofar nan ya tare ruwa a ciki har gwiwa, ɗakin kuwa baƙi ƙirin da tarwaɗa, suna ta bugun bango. Sai dai a wurinmu ba mai taɓa kifin tafki sai sarkin ruwa ya buɗe lokacin su, kuma bai buɗe ba. Masunta suka ce a mayar da kifin tafki. Muka ɗunguma gaban sarkin ruwa, ni an gargaɗe ni kada in ce uffan.

Ya tambayi taubashina, "Taru kas sa?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ƙugiya fa?"

"Ko ɗaya."

"Ɗakin ga na mine ne?"

"Na baƙi na."

"To, sun zo. Kai kas san yadda za ka yi da baƙinka."

Aka kyafe kifin, aka kai kasuwa. Bijimi guda ya dawo turke a shekarar, ɗayan a ta gaba.

Har yau da damina taubashina yana barin ƙofar ɗakin a buɗe. Mutane kuwa a rumfar zana yake saukar da su, ya kuma sayi jaki. Kullum na je yakan ba ni kan tarwaɗa kyauta, mai yawan ƙaya, wai muddin ina fama da shi ba zan ba kowa shawara ba.