Kunnen Kawu

Ɗazu a garaji lakile, abin kwance noti, ta faɗi kan ƙarfe, ƙarar ta tuno min Kawu. Shi ke ƙera lam, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota. Kafin ya ɗaura kowace, sai ya rataye ta, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

Shekarar fari, sojoji na mulki, aka ba ni hatsi in kai garin Timia. Na sayo lam 'yan waje, kwalinsu da hoton motar rali. Kawu ya buga ɗaya, ta ce ƙwas.

"Wannan matacciya ce, ɗana. Mai rai waƙa take."

Na ce, "Kawu, da irinta Turawa ke cin tsere. Kunnenka ya fi nasu?" Abokaina suka yi dariya, har da ni.

Na ɗaura ta a motata, cikin duwatsu ta karye, mutane na jiran hatsi. Washegari Kawu ya iso kan moto mai taya biyu da lam ɗin da ya ƙera, rigarsa na warin gawayi. Ya miƙo min lakile. "Buga ka ji."

Ta yi waƙa. Na kasa kallonsa, kuma har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah Ya jiƙanka, Kawu. Kai mai jin ƙarfe, Allah Ya sa ka ji abin da na kasa faɗa.