Sai Inji Na Aiki Mahrita Ke Rubutu

Mahrita ba ta iya rubutu a tudu. Ubanta, wato ƙanena, ya taɓa aiko mata da tebur da kujera mai juyawa daga can gonar kwakwar manja inda yake aiki. Yau a kan teburin nan ake shanya kifi. Ita sai ta ji abin da take zaune a kai yana motsi sannan kanta ke buɗewa. Ni kuwa, Jumberi, tuƙin klotok ne sana'ata, jirgin ruwa mai inji da ke jigilar mutane a kogin Martapura, daga Banjarmasin zuwa kasuwar kan ruwa da dawowa. Ka ji yadda aka yi na zama ofishinta ba tare da an nemi shawarata ba.

Da safe kafin in gama duba mai ta riga ta haye rufin jirgi ta tanƙwashe ƙafa, wayarta a cikin leda rataye a wuya, don ta taɓa yi wa kogi kyautar guda. Ina tada inji, manyan yatsunta biyu su kama aiki. Ina kashewa su tsaya cak, ko da a tsakiyar kalma ne.

"Baffa, me muke jira ne?"

"Mutane muke jira, ranki ya daɗe. Ko ke kaɗai za ki cika mini jirgin?"

"To ɗan zaga mana mu dawo. A labarina an zare takobi fa, ba a kai sara ba."

"Ya riƙe abinsa, hannunsa ba zai ƙage ba."

Tun tana ƙarama ba ta da zama, kamar mai tsutsa a ciki. Da ta gama makaranta ta yi tsaron shagon sayar da katin waya, ta gudu. Ta koyi ɗinki, ta bar rigar mutane da hannu ɗaya. Labaranta ma haka. Kullum takan saki babi guda a wata manhaja da matasa ke karatu a waya, labaran aljanu da mayaƙa da garuruwan da babu su. Ta fara na garin da aka gina a bayan tsuntsu, ta watsar. Ta fara na yarinyar da ke ɗinke gajimare, ta watsar. Masu karanta ta har suna suka sa mata, wai Mai Sauke Mu A Hanya. Kuma ba a shiru take aikin ba. Akwai ranar da ta daka tsawa daga kan rufi, "Ku datse masa wutsiya!" wata hajiya mai kwandon lemo ta kusa faɗawa ruwa. Ni na ba da haƙuri, ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za a gane abin da yarinyar nan ta taɓo ba.

Ba ni kaɗai aka haifa ba. Mu biyu ne, a wata shekara da ruwa ya shanye unguwarmu. Ni na yi kuka, ɗan uwana bai yi ba. Mahaifinmu ya sa shi a kwalekwale ya tafi neman busasshiyar ƙasar da zai binne shi, mahaifiyarmu kuwa, wadda kowa ke kira Nini har mu 'ya'yanta, tana kwance zazzaɓi ya rufe ta. Da ta farfaɗo ta tambaya, ungozoma ta gaya mata abin da ake gaya wa mata a nan idan haka ta faru: ya koma ruwa, kada ne, yana nan cikin kogi kusa da gida. Nini ba ta taɓa ganin kabarinsa ba, don haka ta riƙe kogi. Kowace shekara takan dafa shinkafa mai danƙo da kurkum, ta haɗa da ƙwai da ayaba, ta sauka matakalar bayan gida, ta raɗa wani suna, ta saki abincin a ruwa. Limamin unguwarmu ya yi wa'azi a kai har ya gaji. Ta ce masa ita ba ta roƙon kowa komai sai Allah, ɗanta kawai take ba abinci.

Sunan kuwa babu wanda ya sani, har ni. Ina yaro na matsa mata, ta ce, "Kai ka sami nono, ka sami goyo. Shi suna kaɗai ya samu. Bar masa abinsa."

Da gwiwoyinta suka fara ƙin matakala, sai ta nemi wadda za ta ci gaba da kiransa bayanta. Ta tsallake 'ya'yanta mata duka ta zaɓi Mahrita. Aka yi ta gunaguni. Nini ta ce, "Uwar yawon nan ce kullum a kan ruwa. Ita zai fi sani." Ta ja kunnenta ta raɗa mata.

Ana nan sai Mahrita ta fara sabon labari, na wani birni a ƙarƙashin kogi da sarkinsa. Komai ya zauna, sai sunan sarkin. Na ga tashin hankali a kwanakin nan. Ta hau rufi, ta sauko, ta koma gaba, ta dawo baya, har jirgi na tangaɗi. Ta cinye farcenta. Ta tambayi fasinja sunayen kakanninsu, kowanne ta ɗanɗana shi a baki ta tofar.

"Sa masa Jumberi mana," na ce. "Ga sarki har sarki."

"Haba Baffa, sarkin da ke faɗa da mutane a kan canji?"

Rannan kuma sai na ga ta natsu. Yatsu na gudu, ko shayin ƙanƙararta ba ta taɓa ba. Na yi hamdala, ban tambaya ba. Labarin ya kama kamar wutar kara. Karo na farko a rayuwarta ta wuce tsakiya ba ta watsar ba, har wani kamfanin buga littattafai a Jakarta ya kira ta, ya ce da zarar ta rubuta ƙarshe za a mai da shi littafi na takarda. Ni ba mai karatu a waya ba ne, don haka ban san me ke ciki ba.

Daga bakin wasu 'yan makaranta biyu na ji. Suna zaune kusa da inji suna musu.

"Wallahi Jumrani ba zai mutu ba."

"Zai mutu mana, ba ki ga inda aka dosa ba?"

Sunan ya yi kusa da nawa, sai na sa baki na ce wane ne haka. Suka dube ni kamar na fito daga rami. "Baba, ba ka san Jumrani ba? Sarkin kadoji! Wanda aka haifa tare da mutum, uwarsa take jefa masa shinkafa daga sama."

Ban san lokacin da na saki sitiyari ba, sai da muka gogi kwalekwalen wata mai ayaba ta bi ni da zagi. Na tsufa, na yi furfura, sai ranar na ji sunan ɗan uwana, kuma a bakin yaran da ban sani ba. Na ɗaga kai. Inji na aiki, amma yatsun Mahrita sun tsaya.

Da muka sauke mutane ta sauko tana tsuru-tsuru. "Baffa, na gwada duk sunayen duniya, babu wanda ya zauna. Na ɗauka ai irin tatsuniyar tsofaffi ce..."

"Tatsuniya? Ciki ɗaya muka kwanta da shi, Mahrita."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ita kaɗai na ji wa haushi ba. Na ji haushin Nini da ta hana ni, ta ba wa yarinya.

Ba a jima ba wata 'yar maƙwabta ta kai wa Nini labari, tana murna, a zatonta abin alfahari ne. Nini ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da sauƙi. Wasan kaka da jika ne kawai ya mutu a gidan. Babu sauran "uwar yawo", babu "tsohuwa mai rowa". Ta zuba abinci ta tura mata ta ce, "Bismillah," yadda ake yi wa baƙon da ba a san daga inda ya fito ba.

Mahrita ta shiga wayarta ta canja sunan daga farko har inda ta tsaya. Masu karatu suka yi mata ca, kuma aikin gama ya riga ya gama, don sunan na bakin kowa. Abin da ya fi muni, da sabon sunan ko layi ɗaya ya ƙi fitowa. Ta bi ni kasuwa ta dawo, ta sake bi ta dawo, ba komai. Ta bar jirgina ta hau na wasu. Ta shiga motar haya har ƙarshen hanya ta juyo. Ta rame, idanunta suka faɗa. Mutanen Jakarta na ta kira, saura babin ƙarshe, wanda ta tsara tun ranar farko: sarki zai ba da ransa birninsa ya tsira.

Wata safiya ina goge kujeru sai ga Nini a bakin gaɓa, da sandarta da mayafinta na zuwa biki.

"Kama ni in shiga," ta ce. Ta zauna a gaba, ta dubi rufi ba tare da ta kira suna ba. "Ke. Tunda duk duniya ta san ɗana, ni ma a gabatar da ni. Sauko ki karanta mini. Kuma da sunansa, ba wanda kika liƙa masa ba."

Kwana da kwanaki ana wannan karatu, Mahrita na ɗaga murya don ta rinjayi inji, fasinja sun yi tsit suna cin bulus. Da farko Nini fuska a murtuke. Sannan ta fara gyara.

"Ɗanyen nama kuma? Ɗana? Goge. Dafaffe ya saba ci."

Da aka zo inda ya yi aure ta dafe ƙirji. "Wace ce? 'Yar gidan wa? Aka yi biki ba a gaya mini ba?"

"'Yar sarkin kifaye ce, Nini."

"Ta iya girki?"

"A ƙarƙashin ruwa, tsohuwa? Da wace wuta?"

"Ji mini 'yar nema, ke da kika gina gari guda a can, murhu ne ya gagare ki?"

Jirgi ya kwashe da dariya, ni kuwa na juya kai ina duban ruwa, don wasan ya dawo. Can sai na ga Nini tana share ido da gefen mayafi. Ta miƙa hannunta ta nuna daga gwiwar hannu zuwa yatsu. "Kullum iya nan nake ganinsa," ta ce. "Ashe ya girma."

Da aka iso inda rubutu ya tsaya ta ce, "Sai me ya faru?"

Mahrita ta hau murza ledar wayarta. Nini ta daɗe tana kallonta.

"Kashe shi za ki yi."

"Nini, haka labarin yake so. In bai mutu ba, babu ƙarshe. Kuma littafin..."

"An ɗauke shi sau ɗaya ina kwance ban iya magana ba. Yau a zaune nake, bakina a buɗe. Ba ki isa ba."

Shi ke nan. Mutanen Jakarta suka jira, suka gaji, suka daina kira. Na ga ranar da ta gane sun tafi, ta hau rufi ta yi kukanta, ta share, ta ce in tada inji. Yarinyar da ba ta taɓa iya zama a kan labari ɗaya ba, sai ga ta ɗaure da guda, kuma ba ta da ikon kai shi ƙarshe. Sababbin labarai na cin ta a rai, tana ta mita. "Baffa, akwai wani dutse mai tafiya a kaina, ya hana ni sakat." Amma kowace safiya Nini na gaban jirgi tana cewa, "To, yau me ya yi?" Dole a samo abin da ya yi. Jumrani ya haihu, ya yi ciwon haƙori, ya yi rigima da surukinsa. Wasu masu karatu suka ce an cika ja, suka watse, wasu suka zauna. Ni ma na fara kasa kunne. Na ji cewa bahago ne, yana son barkono har hawaye na zuba, kuma in ya yi fushi sai ya hau goge abin da ba ya buƙatar guga. Na san inda ɓarauniyar ta sato waɗannan, a jikina ne.

A daminar da ta wuce Nini ta rasu. Bayan an share makoki, Mahrita ta dafa shinkafa da kurkum, ta sauka matakala ta saki a ruwa. Ta faɗi sunan a hankali, ko da yake babu sauran wanda za a ɓoye wa.

Washegari ta hau rufi. Jirgi ya cika, na naɗe igiyar tada inji a hannu. Sai ta leƙo.

"Baffa, babin ƙarshen nan yana kaina tun tuni. Yanzu babu mai hana ni. Kana tadawa zan rubuta shi."

Gaskiyarta ce. Ta biya abin da ta ɗauka har da ƙari, kuma ga dutsenta mai tafiya na jira. Amma ɗan uwana za a kashe, kuma ni zan tada injin. Fasinja suka fara magana. "Malam, lafiya? Kasuwa za ta watse fa." Ina tsaye da igiya a hannun hagu, na kasa ja.

Na ji motsinta tana saukowa. Ta zo ta zauna a kan akwatin inji kusa da ni, inda ba ta taɓa zama ba saboda zafi. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta ja dogon numfashi irin na wanda ya ajiye kaya aka ce ya sake ɗauka. Sannan ta zaro wayar daga leda.

"To, Baffa. Yau ɗan uwanka kasuwa za shi. Me zai sayo?"

"Barkono," na ce.

Na ja igiyar.