Mai Kiran Bakin Tayoyi

Da faɗa muka fara sanin juna, ni da Musah. A 2009 ne, zuwana Dubai na biyu saro abaya, na shiga motar wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, mai kwasar 'yan kasuwa daga Deira zuwa Ras Al Khor, ta zarce rumbunan ajiya na DIP. Ina cikin gyangyaɗi sai na ji an kwarma ihu a kaina: "Bakin Tayoyi! Akwai mai sauka?" Saura ƙiris jakata ta faɗi.

Na ce, "Haba malam direba! Nan tashar Unguwa Uku ce?"

Ya leƙo ta madubi yana dariya. "Hajiya, a yi haƙuri. Bakin ne ya saba."

Bakin kuwa ya saba. Haifaffen Zangon Kumasi ne, ya yi shekara goma sha biyu yana kwandasta kafin ya zo Dubai wankin motoci, har Allah ya ba shi lasin. Motar nan Doguwa ake ce mata, saboda hanyarta ba ta ƙarewa. Ta girmi zuwansa. Tsofaffin 'yan kasuwa sun ce da ƙaramar bas aka fara, lokacin da rabin hanyar rairayi ne zalla, kuma shi ne direba na huɗu. Ƙarfe bakwai take tashi, tsayawa goma sha ɗaya, ta juyo bayan la'asar. Ka makara da minti biyu sai dai ka hango bayanta, ko da kai ne mai kwantena goma.

Kowace tsayawa ya raɗa mata suna. Akwai Shayin Kerala, akwai Masallacin Patanawa, akwai Masu Ƙafa Ɗaya, wurin da ake hango tsuntsayen nan masu dogon wuya a bakin ruwa. Allunan Larabci da Turanci suna nan ras a gefen titi, amma wa ke kallonsu? Har a waya sai ka ji mutum yana cewa, "Yalla, same ni a Shayin Kerala." Ni dai ban daina mita ba. Shekara shida ina ce masa mai bakin ganga, shi kuma yana ajiye mini kujerar da sanyin mota bai cika dukanta ba, don ya san ƙafata.

Kujerar bayansa ta Alhaji Ɗalhatu ce, dattijo mai sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, Kano. Sau huɗu yake zuwa a shekara. In aka miƙa masa fistan, shafawa kawai zai yi ya ce wannan na gaske ne, wannan jabu. Kowa na yaba gwanintarsa, ni ma har da ni.

A 2015 kamfani ya ce khalas, za a ajiye Doguwa. Jirgin ƙasa na metiro ya kwashe rabin fasinja, saura kowa na kiran tasi da waya. Musah za a mai da shi jan babbar mota zuwa Hatta. Ana saura kwana uku, da kowa ya sauka sallar azahar, ya ce, "Hajiya Halima, tsaya mini shwayya, ɗan kaɗan."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Baba Alhaji ba ya gani. Shekara huɗu ke nan, sai dai inuwa-inuwa. Da kunne yake bin hanyar nan. In na kira, ya ƙirga takunsa zuwa shago. 'Ya'yansa suna jira ya ɓata sau ɗaya su karɓe fasfonsa, kuma in aka zaunar da mutumin nan a gida, wallahi ba zai kai baɗi ba."

Na ce, "Shi ya gaya maka?"

"Ina! Bai san na sani ba. Da can in mota ba sabon fasinja, nakan yi shiru. Tun da na gane, ko shi kaɗai ne a ciki sai na kira."

Ya ciro wani kwalin shayi da ya yage, ya rubuta sunaye a jere. Ashe Juma'a uku ya yi, ranar hutunsa, yana hawa bas ɗin gwamnati yana daidaita tashoshinta da nasa sunayen. Ita wannan bas ɗin na'ura ce ke sanarwa da Larabci da Turanci, Alhaji kuwa ba ya kama ko ɗaya.

"Kusan lokaci ɗaya kuke zuwa da shi. Ki riƙa kira kamar don kanki kike yi."

Na ce, "Ni? Da girmana?"

Ya ce, "Hajiya, shekara shida ina shan muryarki. Ta isa."

Ka ji ɗan banza! Na karɓi kwalin dai.

Bayan wata uku muka shiga bas ɗin, ni da Alhaji. Abin da Musah bai gaya mini ba, mata a gaba suke zama, maza can baya. Mota shiru kamar ɗakin jarrabawa, kowa ya dunƙule kan wayarsa. Da muka doshi wurin, na sake duba kwalin. Na tuna fasfon dattijon nan, na runtse ido, na saki murya: "Bakin Tayoyi! Akwai mai sauka?"

Kowa ya waigo. Wata 'yar Filifin ta ja jakarta ta matsa. Alhaji ya miƙe a tsanake, ya sauka, na bi shi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya tsaya yana gyara hularsa, bai juyo ba. Ya ce, "Hajiya, ba laifi. Amma Musah yana jan 'tayoyin' fiye da haka." Ya ƙara da cewa, "Shekara huɗu yaron nan yana tsage maƙogwaronsa a mota ba kowa sai ni. Yana zaton kunnen ma ya tafi ne? In kin kira shi, ki ce Allah ya yi masa albarka. Amma kada ki ce na sani."

Na tsaya cikin zafin rana ina share hawaye da bakin mayafi, shi kuma ya wuce yana ƙirga takunsa.