Ministan Amin na Gidanmu

Maƙwabcina, wanda muke kira Baba, tsohon mai gyaran agogo ne. Ido ya gaji, ya ajiye sana'a, amma bakin nan ko batir ba ya nema. Ɗakinsa na kallon nawa, don haka tarinsa ma na haddace.

Da mai gidan hayarmu ya ƙaura ya bar mu da famfo ɗaya da rigima, sai muka ce mu kafa gwamnati. Tela ya zama shugaba, nas ta riƙe tsafta. Baba ya miƙe ya ce ba ƙasar da aka taɓa kafawa ba addu'a. Masu zuwa masallaci suka gyaɗa kai, masu zuwa coci ma haka. Muka ba shi buɗe taro, wai kujerar da ba ta cizo.

Ashe mulkin muka miƙa masa.

"Allah ka hana yara buga ƙwallo a ƙofata." Muka ce amin. Washegari ya ƙwace ƙwallo.

"Baba, yaushe aka yi dokar?" in ji tela.

"Jiya. Kai ka fi kowa ɗaga murya."

Haka ya samu layin farko a famfo, da inuwar bango. Wa zai ƙi amin a gaban jama'a?

Sai ya hango igiyar shanyar mai wanki, bazawarar da ke ci da 'ya'yanta da wankin mutane. Wai tana tare masa iska. Ranar taro ya ɗaga hannu: "Allah ka kawar da igiyar nan daga tsakar gida." Amin ɗin ta fito a sanyaye, amma ta fito.

Mai wanki ta gyara ɗaurin zane. "Shugaba, taron da aka buɗe da addu'a, ba a rufewa?"

Tela ya ce a rufe. Sai ta ɗaga hannu:

"Allah ka ja da ran Baba. Ka ba shi lafiya, ka kare shi daga ciwon ƙafa." Baba ya lumshe ido, yana zuba amin kamar famfo. "Ka bar igiyata inda take. Ka hutar da bawanka daga wahalar buɗe taro."

"Amin!" in ji Baba, kafin kunnensa ya kai wa kansa labari. Mu kuwa muka ɗauki amin ɗin har tagogi suka amsa.

Yanzu yana zaune a ƙarƙashin igiyar, ruwan wanduna na ɗiga masa a hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ritaya?"

Ya ce, "Juyin mulki ne, ɗan nema."