Turaren da Ya Dafa Kwamfuta

Kakata ta wajen uwa ba ta bar gida ko gona ba, murya kawai ta bari. Kafin ta rasu na ɗauki maganarta a kaset, tana ba da labarin yadda ubanta ya taso zai je Makka a ƙafa, ya yada zango a bakin kogin Shari don ya ɗan huta, hutun da har yau muke yi a unguwar Ridina ta Injamena. Da kaset ɗin ya fara cin zare na juye shi cikin wata kwamfuta ta hannu da na saya. Ba a jima ba kaset ɗin ya tsinke gaba ɗaya.

Tun da Mama ta ji uwarta na cikin akwatin nan, kwamfuta ta zama babbar baƙuwa. Ta ɗinka mata riga mai kauri, ta toshe duk kafar da iska ke shiga, wai kada ƙura ta taɓa Inna. Duk Alhamis ga kasko a gindinta, turaren wuta na tashi, a zafin garin nan da ko ƙadangare neman inuwa yake. In na yi magana ta ce, "Kai, rufe mini baki! Uwarka ce ko tawa?"

Ran nan sai ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, kamar ɓera na cin gyaɗa. Mai gyara a unguwar Chagoua ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Wannan na'ura ce ko amarya?" Ya ce faifan ajiya ya dahu, sai an sanyaya shi a firji, kuma in an ci sa'a sau ɗaya zai tashi, don haka a kunna shi inda wuta ba ta ɗaukewa. A Injamena? Muka yi dariya, muka ƙetare gadar Ngueli zuwa shagon abokinsa a Kusiri, tsallaken iyaka. Mama ta ce ƙafarta ƙafarmu. Da ta ga an ƙulle Inna a leda an tura ta firjin mai kifi, salati ta dinga yi.

Faifai ya tashi. Takardun makarantata, da ba wanda ya taɓa yi musu turare, duk suka fito lafiya lau. Ana kaiwa kan kaka ya yi ƙas, ya yi shiru. Mai gyara ya ce, "Kalas, ya ƙare."

Labarin Makka ya tafi. Farkon ɗaukar kaɗai ya tsira, lokacin da nake gyara rakoda. Mama 'yar fari ce, kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba. Muka kunna, murya ta cika shagon:

"Ke yarinyar nan, miya na ƙonewa, kin tsaya kallo!"

Mama, da furfurarta, a shagon mutane, ta miƙe zumbur.

"To, Inna," ta ce, tana laluben takalminta.